Manhaja na rufe kanta, allo na yin baƙi: yadda ake gane ko tsohon direban katin hoto ne sila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin haɗa bidiyo da zane da laftof ɗin gwanjo mai katin NVIDIA. Tun da mai gyara ya sake ɗora mini Windows 10, Blender takan rufe kanta ba zato ba tsammani. Premiere kuwa, da na fara fitar da bidiyo sai allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, aikin ya tafi. Wani ya ce in ƙara RAM, wani ya ce bairos ce. Kafin in kashe kuɗi, me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar kuɗinka a aljihu tukuna. Alamu biyu da ka ambata, wato baƙin da allo ke yi ya dawo, da kuma farawar matsalar daidai bayan an sake ɗora Windows, sun fi karkata ga direban katin hoto. Ƙarancin RAM yakan sa kwamfuta nauyi da jan ƙafa, ba kasafai yake ɗauke allo ya mayar ba. Amma ban so ka ɗauki maganata ma a matsayin hukunci. Windows tana rubuta sunan abin da ya kayar da manhaja duk lokacin da hakan ya faru, sai dai mutane ƙalilan ne suka san inda rubutun yake. Can za mu fara.

Kafin nan bari ka fahimci abin da ke faruwa a ciki, domin shi zai sa sauran bayanin ya zauna maka. Blender da Premiere ba sa magana da katin hoto kai tsaye. Suna bayar da umarni ne ta wasu ƙa'idoji da aka yarda da su, kamar OpenGL da DirectX da Vulkan da CUDA, sai direba ya karɓa ya mayar da shi abin da katin ke ganewa. Tamkar tafinta ne tsakanin likita da majinyaci: idan tafintan ya daina koyon sabbin kalmomi tun shekara takwas baya, likita ya zo da sabuwar magana, ko dai ya yi shiru ko ya faɗi abin da ba a ce ba. Manhajoji kullum sabunta su ake yi, masu rubuta su kuma suna gwada su ne a kan direbobin lokacinsu. Direban 2017 bai san da buƙatun manhajar 2024 ba.

Shi kuma baƙin allon yana da suna, ana ce masa TDR. Tun zamanin Windows Vista kamfanin Microsoft ya sa wani tsari mai sa ido kan katin hoto. Idan aka ba katin aiki ya wuce daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows takan ɗauka ya maƙale, sai ta tayar da direban daga farko. Lokacin tayarwar ne allo ke yin baƙi. Ita Windows ta tsira, amma duk abin da ke cikin ma'ajin katin an share shi, manhajar da ke tsakiyar aiki ta waiwaya ba ta ga kayanta ba, sai ta faɗi. A wasannin kwamfuta nan ne ake ganin saƙon DXGI_ERROR_DEVICE_REMOVED ko DXGI_ERROR_DEVICE_HUNG. Idan tayarwar ta gagara, ko abin ya maimaitu fiye da sau 5 cikin minti ɗaya, sai kwamfutar gaba ɗaya ta faɗa shuɗin allo, galibi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE.

To, ga yadda za ka karanta shaidar. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel, ka danna Enter. Wani jadawali zai fito mai nuna kwanaki, da jan da'ira a duk ranar da wani abu ya faɗi. Zaɓi ranar da Blender ta rufe, ka danna "View technical details", ka nemi layin da aka rubuta "Fault Module Name". Sunan fayil ɗin da ke gabansa shi ne abin nema. Idan ya fara da nv, kamar nvoglv64.dll ko nvwgf2umx.dll, na NVIDIA ne. Idan ya fara da ati ko amd, kamar atio6axx.dll, na AMD ne. Idan ya fara da ig, kamar ig9icd64.dll, na Intel ne. A shuɗin allo kuma sunayen da ke fitowa su ne nvlddmkm.sys da amdkmdag.sys ko atikmdag.sys da igdkmd64.sys. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta kusa ƙarewa. Idan kuwa ntdll.dll ko KERNELBASE.dll ka gani, wannan bai tabbatar da komai ba, domin kusan kowace irin faɗuwa na iya bi ta kansu. Sai ka duba ko a daidai wannan mintin akwai wani layi mai suna "Hardware error" ɗauke da LiveKernelEvent da lamba 141 ko 117. Sunan yana tsorata mutane su ɗauka katin ya ƙone, alhali sau da yawa TDR ɗin nan ne kawai aka rubuta. A Event Viewer ma, ƙarƙashin System, yakan bayyana da lamba 4101.

Akwai gwaji na biyu da ba ya cin ko sisi. Ka hana manhajar amfani da katin, ka ga ko za ta daina faɗuwa. A Premiere, cikin Project Settings, akwai wurin da ake sauya Mercury Playback Engine zuwa "Software Only" a zubin da ke da wannan zaɓi. A Photoshop ana cire alamar "Use Graphics Processor" a sashen Performance. A AutoCAD ana rubuta GRAPHICSCONFIG a kashe Hardware Acceleration, a Chrome kuma yana cikin Settings ƙarƙashin System. Aikin zai yi jinkiri sosai, amma idan faɗuwar ta tsaya cak, ka san inda ciwon yake. Kuma idan kana da aikin mutane da ya zama dole ka miƙa gobe, wannan hanyar za ta fitar da kai kafin ka samu sukunin gyara.

Yanzu sai mu duba direban da ke kai. Danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc don buɗe Device Manager, wato jerin na'urorin da ke cikin kwamfutar, ka buɗe "Display adapters". Abu uku ne za ka iya tararwa. Idan ka ga "Microsoft Basic Display Adapter", ba tsohon direba gare ka ba, babu direban ne kwata-kwata. Wannan na wucin gadi ne da Windows ke amfani da shi don dai allo ya nuna hoto, kuma OpenGL ɗin da ake samu da shi bai wuce 1.1 ba, ga shi Blender tun daga zubi na 2.80 da ya fito a 2019 take neman 3.3. Kwanan watan da zai nuna maka, 21 ga Yuni 2006, kada ya ɗaure maka kai: Microsoft da gangan take sa wa direbobinta wannan tsohon kwanan domin duk direban da kamfanin na'ura ya fitar ya sha gabansu. Idan kuma ka ga sunan katin da alamar ruwan ɗorawa a jikinsa, buɗe ka karanta lambar kuskuren, musamman ko 43 ce, za mu dawo kanta. Idan sunan ya fito lafiya lau, danna shi sau biyu, shiga shafin "Driver", ka rubuta kwanan wata da lambar zubi a takarda. Ga masu NVIDIA, lambobi biyar na ƙarshe su ne ainihin zubin: 31.0.15.3623 na nufin 536.23.

Abin da nake zato ya faru da kai shi ne abin da ke faruwa da mafi yawan laftof da aka sake wa Windows a kasuwa. Mai gyara yana da filashi guda da ya haɗa shekaru da suka wuce, da Windows a ciki da tarin direbobi, kowace kwamfuta aka kawo da shi yake yi mata. Da allo ya nuna hoto, sauti ya fito, waya-fai ya kama, aikinsa ya kammala. Wasu ma sukan kashe Windows Update don kada ta cinye wa mai kaya data. Ga mai buga takardu da kallon bidiyo wannan ya wadatar, shi ya sa ba a kawo musu ƙorafi. Sai mai aiki irin naka ne ke gano gibin.

Wani tarko kuma yana nan cikin Device Manager ɗin. Idan ka danna "Update driver" ka zaɓi ta nema da kanta, kusan kullum za ta ce maka mafi kyawun direba yana kai. Kada ka yarda. Tun 2020 wannan maɓalli ya daina leƙa intanet a Windows 10, abin da ke cikin kwamfutar kawai yake dubawa. Da kanka za ka je ka ɗauko.

Daga ina? Tunda laftof ce, kuma mai katin NVIDIA, kusan tabbas kati biyu gare ka: ƙaramin na Intel da ke cikin masarrafa, da babban na NVIDIA. A irin wannan tsari da ake kira Optimus, allon laftof yawanci a jikin na Intel yake. NVIDIA ya yi aikin mai nauyi, ya miƙa wa Intel ya nuna. Ma'ana, ko ka sabunta na NVIDIA zuwa na jiya, idan na Intel tsoho ne, faɗuwar na iya ci gaba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, mutum ya kashe data ya sauke babban direba ya manta da ƙaramin. Ka fara da na Intel, ka sake kunna kwamfuta, sannan na NVIDIA.

Na Intel ɗin, ka fara dubawa a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar da ke manne a ƙasanta. Idan nasu ya tsufa ainun, wanda haka yake ga galibin na gwanjo tunda kamfanoni kan daina sabuntawa bayan 'yan shekaru, sai ka koma shafin Intel. A da direban Intel kan ƙi hawa kan laftof da yawa, ya ce ba a tantance shi don wannan kwamfutar ba. Daga 2020 Intel ta sassauta wannan ga masarrafai na zubi na 6 zuwa sama. Na NVIDIA kuwa kai tsaye daga shafinsu, ka zaɓi sunan katin daidai, ka kuma tabbata na laftof ka zaɓa ba na kwamfutar tebur ba. Idan katinka na cikin waɗanda ake yi wa "Studio Driver", shi na fi so ga mai aikin bidiyo a kan "Game Ready", domin an fi gwada shi da manhajojin aiki kuma ba a yawan sauya shi. Idan ba ka san sunan katin ba saboda Windows ba ta nuna ba, shiga shafin "Details" ka zaɓi "Hardware Ids": VEN_10DE na NVIDIA ne, VEN_1002 na AMD, VEN_8086 na Intel, lambar da ke bin DEV kuma ita ke fayyace samfurin.

Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ban ba kowa shawararsu ba. Wasu na ɗora direban da ba na na'urar ba, wasu na shigo da tarkacen talla. Fayil ɗin NVIDIA kan haura megabait 600, na sani ba ƙaramin data ba ne, amma ka sauke shi sau ɗaya ka ajiye a filashi.

Ɗorawar ma tana da ƙa'ida. Da farko ka cika batir ka kuma jona caja, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki kan bar mutum da allon da ba ya nuna komai. Ka yi "restore point", wato ajiyar yanayin Windows da za ka iya komawa gare ta idan abu ya ɓaci. Sannan ka buɗe fayil ɗin NVIDIA, ka zaɓi "Custom", ka sa alama a "Perform a clean installation". Allo zai yi ƙyafta-ƙyafta yayin aikin, ba komai ba ne. Sau da yawa nan matsalar ke mutuwa. Idan ta ƙi, ko ɗorawar ta tsaya da kuskure, to akwai ragowar tsohon direba da ke rikici da sabon, sai a kawo DDU, wato Display Driver Uninstaller, manhaja ce kyauta da ke share direban hoto tas. Ka tabbata sabbin direbobin biyu suna kan kwamfutar tukuna, ka kashe intanet don kada Windows ta riga ka ɗora nata, ka shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da ƙananan direbobinta kawai, ta hanyar riƙe Shift yayin danna Restart, sannan ka buɗe DDU ka zaɓi "Clean and restart". Gargaɗi ɗaya: idan an kulle faifan kwamfutar da BitLocker, za a iya tambayar ka lambar buɗewa kafin shiga Safe Mode, don haka ka nemo ta tun farko.

Bayan an gama, ka shiga Settings, System, Display, Graphics settings, ka ƙara Blender da Premiere ka sa su a "High performance". In ba haka ba Windows na iya ci gaba da tura su kan ƙaramin katin, babban yana zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Yanzu ga ɓangaren da mutane ba sa son ji. Kowane kati yana da direban ƙarshe, daga nan kamfani ya rufe littafinsa. Intel HD 3000 na 2011 ba a taɓa yi masa direban Windows 10 a hukumance ba, kuma a kan Windows ya tsaya a OpenGL 3.1. Duk sabuntawar da za ka yi, Blender 2.80 ba za ta yi aiki a kansa ba, haka wasan Minecraft daga zubi na 1.17 da ke neman 3.2. HD 4000 na 2012 ya tsaya a OpenGL 4.0, ita kuwa Blender 4.0 da ta fito a ƙarshen 2023 sai da 4.3. AMD ta ajiye jerin HD 7000 da R9 200 da 300 a tsakiyar 2021. NVIDIA ta ajiye galibin GTX 600 da 700 na kwamfutar tebur a Oktoban shekarar, sannan a Oktoban 2025 jerin GTX 900 da GTX 10 suka samu "Game Ready" na ƙarshe, abin da ya rage musu gyaran tsaro ne kawai. Intel ma a 2022 ta mayar da masarrafai na zubi na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi. Ka lura cewa waɗannan su ne ainihin kwamfutocin da suka cika kasuwannin gwanjo. Idan naka na cikinsu, mafita ba neman sabon direba ba ce, neman manhajar da ta yi zamani da katin ce. Blender tana ajiye duk tsofaffin zubinta a shafinta kyauta, 2.79 na gudana a kan katunan da sababbin suka ƙi. Masu Adobe su duba "System Compatibility Report" da Premiere ke nunawa yayin buɗewa, wanda mutane ke rufewa ba su karanta ba, alhali a nan take faɗin zubin direban da take so.

Haka kuma sabo ba kullum ne ya fi ba. A 2021 Intel ta sanar cewa daga direba mai lamba 15.40.44.5107 ta kashe DirectX 12 a kan katunan masarrafai na zubi na 4 saboda wata kafar tsaro, wanda ke nufin wanda ya sabunta ya rasa abin da yake da shi. Saboda haka idan wata rana ka sabunta sai matsala ta faro daga nan, koma shafin "Driver" ka danna "Roll Back Driver". Kuma idan komai na tafiya daidai kana tsakiyar aikin kwangila, babu dalilin taɓa direba sai ka miƙa aikin.

Za ka ci karo da masu cewa ka shiga rajistar Windows ka ƙara TdrDelay daga daƙiƙa 2 zuwa 60. Yana da wurinsa, masu manhajar zane ta Substance Painter ma sun ba da wannan shawara ga ayyuka masu nauyi da katin ke daɗewa a kansu da gaske. Amma idan direba ne ya lalace, abin da ka yi kawai shi ne ka mayar da baƙin allo na daƙiƙa biyu ya koma maƙalewar minti guda. Kada ka fara da shi.

Idan an ɗora direbobin biyu tsaf, katin kuma ya isa manhajar, amma faɗuwar ba ta daina ba, sai a duba jikin na'urar. Zafi ne na farko. Laftof ɗin da ta yi shekaru a hannun wani kafin ta zo, ta kuma sha ƙurar hunturu da zafin bazara a nan, fankarta na iya toshewa, man da ke tsakanin kati da ƙarfen sanyaya ya bushe. Sauke GPU-Z ko HWiNFO ka sa ido kan ma'aunin zafi yayin fitar da bidiyo. Idan yana haura digiri 90 kafin faɗuwar, a buɗe a share a sauya man. Alamar da ke bambanta su ita ce lokaci: matsalar direba takan zo a wuri guda, kamar duk sanda ka danna wani abu takamaimai, ta zafi kuwa sai an yi minti goma ko ashirin ana aiki. Na biyu caja ce. Laftof mai babban kati tana neman caja mai ƙarfi, wasu 120W ko fiye, a kasuwa kuwa akan haɗa mutum da ta 65W don bakinta ya shiga. Duba abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin ka gwada da na jikin cajar. Na uku, idan kana ganin ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a allo tun kafin Windows ta buɗe, ko lamba 43 ta ƙi tafiya bayan DDU, katin ne da kansa ya fara gazawa, kuma a laftof manne yake da babban farantin kwamfutar, wato motherboard, gyaransa ba kasafai yake ɗorewa ba. A irin wannan hali za ka iya kashe shi a Device Manager ka ci gaba da na Intel har Allah ya hore wata.

Maganar RAM kuwa, buɗe Task Manager yayin aiki ka duba shafin Performance. Idan tana cika kusan ɗari bisa ɗari, ƙarawa zai taimaka wa saurin Premiere, musamman idan 8GB gare ka, amma wannan sayayya ce ta daban da za ka yi bayan an warware ta allon. Idan ka bi matakan nan abin bai daidaita ba, turo mini sunan katunan biyu kamar yadda suke a Device Manager, da lambar zubin kowanne, da zubin Blender da Premiere da kake amfani da su, da sunan fayil ɗin da ka gani a gaban "Fault Module Name".